Tantabarar Teku ta Audouin: Yadda Ake Gane Ta Cikin Masu Kama da Ita

A ƙarshen shekarun 1960, masana sun ƙiyasta cewa abin da ya rage a duniya na wata farar tsuntsuwar teku mai jan baki bai wuce ma'aurata 1,000 ba. A wancan lokaci tana cikin tsuntsayen teku mafiya ƙaranci a doron ƙasa. Daga baya ta farfaɗo har yawanta ya ninka fiye da sau ashirin, sannan ta sake komawa baya. A shekarar 2020, Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya ta cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Duk waɗannan alƙaluma daga idon mutane suka fito, wato masu kallon tsuntsaye da ke tsayawa a bakin teku da madubin hangen nesa suna ƙidaya. Idan mai ƙidaya ya ɗauki wata tsuntsuwa a matsayin wata, lissafin ya ɓaci, matakin kariyar da za a gina a kansa ma ya ɓaci. Shi ya sa gane wannan tsuntsuwa daidai, a cikin garken 'yan uwanta da suke kama da ita, ya zama ilimi mai zaman kansa.

Suna da dangi

Tsuntsuwar tana cikin dangin da Turawan Ingila ke kira gull, Larabawa kuma nauras. Fararen tsuntsaye ne masu tokar baya, da dogayen fukafukai, da tafin ƙafa irin na agwagwa, waɗanda ake gani suna shawagi a tashoshin jiragen ruwa da wuraren sauke kifi. Nau'insu ya haura 50 a duniya. A wannan bayani za a kira su tantabarun teku saboda launin jikinsu, ko da yake ba su haɗa dangi da tantabarar gida ba.

Wadda ake magana a kanta, masanin halittu ɗan Faransa Charles Payraudeau ne ya fara bayyana ta a kimiyyance a 1826, ya raɗa mata sunan takwaransa Jean Victor Audouin, wanda ake furtawa Odwan. Sunanta na kimiyya a yau shi ne Ichthyaetus audouinii. Kalmar farko ta Girkanci ce, ma'anarta gaggafar kifi, sunan kuwa ya dace da ita. Yawancin manyan tantabarun teku ba sa zaɓen abinci, har juji suna bi, amma Odwan kifi ne abincinta na asali, musamman ƙananan kifaye irin su sadin da ke yawo garke-garke kusa da saman ruwa. Takan yi farauta har da dare, tana shawagi ƙasa-ƙasa tana tsinto kifi da baki ba tare da ta sauka ba.

Inda take haihuwa da inda take cin rani

Mahaifarta Bahar Rum ce. Tana yin sheƙa a ƙasa, a kan tsibirai masu duwatsu da tudun yashi na gaɓar Sifaniya, Italiya, Girka, Turkiyya, Tunisiya, Aljeriya da Maroko, da tsibirin Kosika na Faransa, sai kuma kudancin Fotugal da ke bakin Tekun Atlantika. Takan saka ƙwai biyu zuwa uku daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, namiji da mace su yi ta karɓa-karɓa wajen kwanci na kusan mako huɗu. 'Ya'yan sukan fara tashi bayan kwana 35 zuwa 40.

Da an gama renon 'ya'ya, akasarinsu sukan fita daga Bahar Rum ta mashigar Jibralta, su gangaro kudu ta gaɓar Atlantika: Maroko, Yammacin Sahara, Muritaniya, Senegal har Gambiya. Daga arewa maso gabashin Sifaniya zuwa Senegal tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000. Ƙananan da ba su kai haihuwa ba su suka fi nisan zango, wasunsu ma sukan zauna a Afirka ta Yamma har shekara ta zagayo. Wuraren da aka fi saninta da su a yankin sun haɗa da bakin kogin Salum a Senegal, musamman wajen Palmarin, da gandun tsuntsaye na Tanji a Gambiya. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi dacewa ga mai neman ganinta a can.

Yadda ta haura, da yadda ta gangaro

Labarin farfaɗowarta yana da alaƙa da wuri guda, wato inda kogin Ebro ya shiga teku a yankin Kataloniya na Sifaniya. A 1981 wasu 'yan ma'aurata, ba su kai 40 ba, suka kafa sheƙa a wani tudun yashi da ake kira Punta de la Banya. Wurin ya samu kariyar hukuma, ga kuma abinci a yalwace: kifin da manyan jiragen kamun kifi ke zubarwa a teku, da wani irin jatan lande na ruwan daɗi da aka shigo da shi daga Amurka ya yaɗu a gonakin shinkafar yankin. Zuwa 2006 mazaunin ya haura ma'aurata 15,000, wato kusan kashi biyu cikin uku na duk Odwan da ke duniya.

Tattaruwa a wuri ɗaya ita ce ta zame mata rauni. Yanyawa da wasu namun dawa masu cin ƙwai suka samu hanyar shiga tudun, kifin da jirage ke zubarwa ya ragu, sannan wata tantabarar da ta fi ta girma da ƙarfi, mai rawayar ƙafa, tana ƙwace mata wurin sheƙa tana cinye 'ya'yanta. Mazaunin Ebro ya watse. Wasu suka koma cikin tashoshin jiragen ruwa irin na Tarragona, Barcelona da Valencia, wasu da yawa suka ƙaura zuwa wani tsibirin yashi a Ria Formosa da ke kudancin Fotugal. Saboda tsuntsayen sun warwatsu haka, sanin haƙiƙanin yawansu ya ƙara wuya, ƙidayar da ake yi a wuraren cin raninsu na Afirka kuma ta ƙara daraja.

Kamannin babba

Odwan da ta kammala girma tana da tsawon kusan santimita 50 daga baki zuwa wutsiya. Matsakaiciya ce: ta fi ƙananan tantabarun teku girma, amma ba ta kai manyan kauri ba. Akwai alamomi biyar da ake dubawa.

Na farko baki. Ja ne mai duhu kamar tsohon murjani, da baƙin zobe kusa da tsini, tsinin kansa kuma rawaya. Daga nesa, ko in rana tana bayan tsuntsuwar, bakin gaba ɗaya baƙi yake bayyana. Wannan ma alama ce, domin sauran manyan tantabarun bakinsu rawaya ne, ana hango haskensa tun daga nesa.

Na biyu ƙafa. Launin toka ce mai duhu, wani lokaci da ɗan kore-kore. Babu wata babbar tantabarar teku a gaɓar Afirka ta Yamma da ta haɗa jan baki da irin wannan ƙafa.

Na uku ido. Baƙi ne, a cikin kai fari fat, abin da ke ba ta fuska mai sanyi. Goshinta a kwance yake, yana gangarowa a hankali zuwa baki.

Na huɗu baya. Toka ce mai haske ƙwarai, wadda ke narkewa cikin farin wuya ba tare da iyaka bayyananniya ba, har takan ɗan shafi ƙirji da haƙarƙari.

Na biyar fiffike. Dogo ne siriri, ƙarshensa baƙi. In tana tsaye, ana ganin ƙananan fararen ɗigo a jere a kan baƙin kamar 'ya'yan carbi. In tana tashi, baƙin ya bayyana sosai, da ɗan farin tabo ɗaya kawai a gashin da ke can gefe, farin layin da ke bin bayan fiffiken kuma siriri ne ainun.

Masu kama da ita

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Tsuntsaye biyar ne suka fi ruɗa mai neman Odwan.

Mai rawayar ƙafa, Larus michahellis, ita ce maƙwabciyarta a Bahar Rum da gaɓar Maroko. Ta fi ta girma da kauri, ƙirjinta faffaɗa. Ƙafarta rawaya ce shar, bakinta rawaya da jan ɗigo a muƙamuƙin ƙasa, idonta kuma fari-fari, mai kaifin kallo. Tokar bayanta ta fi ta Odwan duhu, fararen ɗigon fiffikenta sun fi girma.

Mai baƙin baya, Larus fuscus, baƙuwa ce daga arewacin Turai, kuma ita ce babbar tantabarar da aka fi gani a gaɓar Afirka ta Yamma lokacin hunturu, har da Legas. Bayanta daga toka mai duhu ne zuwa baƙi, ƙafa da baki rawaya. Babbarta ba ta da wuyar rarrabewa. Haɗarin yana wajen hasken tsakar rana, wanda kan wanke duhun bayanta har ya zama kamar toka mai haske. A nan ƙafa da baki ne ke raba gardama.

Mai siririn baki, Chroicocephalus genei, ita ta fi kowa yaudara, domin ita ma farin kai gare ta da jan baki mai duhu, kuma tana haihuwa a Banc d'Arguin na Muritaniya da bakin kogin Salum, wato daidai inda Odwan ke sauka. Sai dai ta fi ƙanƙanta, wuyanta dogo, bakinta siriri ba shi da baƙin zobe ko rawayar tsini, ƙafarta ja ce ko ruwan lemo, idonta yawanci mai haske. Ƙirjinta kan ɗauki ɗan launin hoda. Da ta buɗe fiffike an gama magana, domin akwai farin tsiri mai faɗi a gaban fiffiken, abin da Odwan ba ta da shi.

Mai tokar kai, Chroicocephalus cirrocephalus, 'yar Afirka ce, kuma ita ce wadda masunta a Tafkin Chadi suka saba gani. Lokacin haihuwa kanta yakan zama toka kamar ta sa hula, amma bayan haka hular takan kwashe, ya rage 'yar inuwa a bayan kunne, a nan ne ake iya ruɗewa. Bakinta da ƙafarta duka ja ne, idonta fari-fari, ƙasan fiffikenta da duhu, ga manyan fararen tabo biyu a cikin baƙin ƙarshen fiffike. Tsawonta bai cika wuce santimita 42 ba.

Na biyar ba tantabarar teku ba ce ma, amma tana zama tare da su a kan yashi. Sunanta na kimiyya Hydroprogne caspia, kuma girmanta ya yi kusa da na Odwan. Wanda aka ce masa ya nemi jan baki, ita zai fara cin karo da ita. Bakinta ja ne wur, mai kauri da tsini kamar wuƙa, tana da baƙar hula wadda kan yi furfura da hunturu, ƙafarta baƙa ce gajera, wutsiyarta da ɗan tsagu. Tana kama kifi ta hanyar faɗawa cikin ruwa da ka.

Ƙanana, inda aikin ya fi wuya

Duk abin da aka lissafa a sama na manya ne. Odwan ba ta samun cikakkiyar rigarta sai wajen shekara ta huɗu, kuma tunda ƙanana ne suka fi gangarowa kudu, su mai kallo a Senegal ko Gambiya zai fi haɗuwa da su.

'Yar shekarar farko ruwan ƙasa ce mai duhu, ba jan baki, ba farin kai. Abokiyar ruɗaninta ita ce ƙaramar mai baƙin baya, wadda ita ma ruwan ƙasa ce. Bambancin yana nan: wuya da ƙirjin ƙaramar Odwan sumul suke, launi ɗaya, da haske a fuska da goshi, alhali na ɗayar zane-zane ne da ɗige-ɗige. Ƙafar Odwan tun tana ƙarama toka ce mai duhu, ta ɗayar kuwa launin tsoka ce mai haske. Idan suka tashi, wutsiyar Odwan kusan duka baƙa ce, a gindinta akwai fari mai siffar kofaton doki. A ƙasan fiffikenta kuma akwai fili mai haske tsakanin layuka masu duhu, alhali na ɗayar duhu ne bai ɗaya.

Kafin ƙarshen hunturunta na farko, gashin toka yakan fara fitowa a baya, kai ya fara fari. A shekara ta biyu baya ya zama toka sosai, baki ya fara ja daga gindi, wutsiya ta yi fari da baƙin layi a ƙarshe. A ta uku sai wanda ya lura da sauran baƙi a saman fiffike zai san ba ta gama girma ba. Don haka ƙwararru kan fara da tambayar shekarun tsuntsuwar kafin su tambayi nau'inta, domin kowace shekara da abokan ruɗaninta.

Yadda ake dubawa a bakin teku

Lokaci mafi kyau shi ne sa'ad da teku ta cika, domin ruwa yakan kore tsuntsayen daga faɗin laka ya tara su a kan tudun yashi ko filayen gishiri, su tsaya a jere suna hutawa. Safiya da la'asar sun fi tsakar rana, kuma mai kallo ya sa rana a bayansa. Madubin hangen nesa na hannu yana isa a gano garke, amma launin ido da ƙafa sai da babban madubi mai ƙafa uku, wanda ke kusanto da abu sau 20 zuwa 60.

Ana bin garken ne daga wannan gefe zuwa wancan, tsuntsuwa ɗaya bayan ɗaya. Abu na farko shi ne a san na gida: wanda ya ƙware a kan mai baƙin baya da mai siririn baki, baƙuwar fuska za ta yi masa tsalle a ido. Sannan a kwatanta girma da na maƙwabciyar da aka riga aka sani, domin girman tsuntsuwar da ke tsaye ita kaɗai yana yaudara.

Ba a yanke hukunci da alama ɗaya. Laka takan ɓata ƙafa ta mai da rawaya baƙa, inuwa takan duhunta baki, jinin kifi ma yakan rina shi. Sai baki, ƙafa, ido da fiffike sun yi magana ɗaya. Idan tsuntsuwar ta cusa baki cikin gashi tana barci, sai a jira ta farka ko ta miƙe fiffike. Ba a korar garke don a ga ya tashi, domin tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita hutunsa abinci ne, kuma kora takan sa su bar wurin gaba ɗaya.

A rubuta abin da aka gani nan take, kafin a buɗe littafin hotuna, saboda hoto yakan sa ido ya tuna abin da bai gani ba. A rubuta rana, sa'a, wuri, nisa, yanayin haske da sauran tsuntsayen da ke wurin. Ko da wayar hannu ana iya ɗaukar hoto ta bakin madubi. Idan alamomin ba su cika ba, mai gaskiya yakan rubuta cewa ya ga tantabarar teku bai tantance nau'inta ba, wannan kuma ya fi suna na ƙarya amfani ga masu bincike.

Zoben ƙafa

Shekaru da dama masu bincike a Sifaniya suna sa wa 'ya'yan Odwan farin zoben roba mai baƙaƙen haruffa da lambobi a ƙafa, wanda ake iya karantawa da babban madubi ba tare da an kama tsuntsuwar ba. Duk wanda ya karanta lambar a Palmarin ko Tanji ya aika wa masu aikin, akan mayar masa da tarihin tsuntsuwar: inda aka ƙyanƙyashe ta, da shekarar, da wuraren da aka taɓa ganinta. Da irin waɗannan rahotanni aka gane hanyar hijirarta, da cewa ƙanana sun fi manya nisan tafiya. Rahotannin kuma suna nuna cewa makomarta ba a Turai kaɗai take ba. Ƙananan kifayen da take ci a gaɓar Muritaniya, Senegal da Gambiya su ne kuma masana'antun garin kifi ke kwasa, su ne kuma abincin miliyoyin mutanen yankin.

Abin da ya shafi Najeriya

Gaɓar Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 850, tana da nisan fiye da kilomita 2,000 daga Gambiya, wato ta wuce inda Odwan ta saba kaiwa. Saboda haka wanda ya hangi farar tantabara mai jan baki a Legas, Badagry ko Tafkin Chadi, abin da ya fi kusa shi ne mai tokar kai ce da hularta ta kwashe. Amma tsuntsu yana da fiffike, iska kuma takan kai shi inda ba a zata ba. Wanda ya yi imanin ya ga Odwan a nan, hujjarsa sai ta fi ta kowa ƙarfi: hoton baki, na ƙafa da na buɗaɗɗen fiffike.

Akwai inda za a kai irin wannan labari. Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, ita ke jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai ke shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ita ma tana cikin aikin sa ido kan tsuntsayen ruwa. Kowace Janairu ana gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, kuma dausayin Hadejia zuwa Nguru yana cikin wuraren da ake ƙidayar. Najeriya tana kuma cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu hijira tsakanin Afirka, Turai da yammacin Asiya.

Mai koyo ba sai ya je Senegal ba kafin ya fara. Tantabarun da ke Tafkin Chadi da gaɓar Legas su ne makarantarsa. Wanda ya shafe hunturu yana duban ƙafa, baki, ido da fiffiken mai tokar kai da mai baƙin baya, a kowace shekara ta girmansu da kowane irin haske, shi ne zai iya gane Odwan ranar da ta sauka a gabansa, kuma shi ne masana za su karɓi shaidarsa su sa a lissafi.